Bayani a Kan Allurar Gyangyaɗi da Hukuncinta

Ku sani akwai wata allura da likita kan yi wa majiyyaci in za a ɗora masa karaya, ko a ɗinke rauni, ko a wanke ƙuna. Ba ta kai ta babbar tiyata ba, wadda ke ɗauke hankali ɗungum. Ita wannan gyangyaɗi take sawa: mutum na numfashi da kansa, in an kira sunansa ya amsa, amma tsoro ya kwanta, zafi ya yi sauƙi. Mutanenmu da yawa a Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suna ƙyamarta, waɗansu don zaton kayan maye ce, waɗansu don tsoron kada barci ya zarce.

To, game da hukunci, Shihabuddini Alƙarafi, malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe abu uku cikin littafinsa Alfuruƙu. Akwai mai gusar da hankali tare da nishaɗi, watau giya. Akwai mai ɓata hankali ba tare da nishaɗi ba. Akwai kuma mai sa barci, wanda ke tafiya da ji da gani. Malaman mazhaba sun halatta na ukun saboda lalura, kamar yanke gaɓar da ta ruɓe. Allurar likita a wannan babi take. Sai dai wanda hankalinsa ya gushe da ita, lalle ya sake alwala in ya farka.

Magungunan da aka fi yin wannan aiki da su sanannu ne. Akwai ketamin, wanda aka haɗa a Amurka a 1962. Darajarsa ita ce galibi ba ya danne numfashi, don haka ake dogara da shi a asibitocin karkara inda wutar lantarki ba ta zama. Amma yakan sa mafarki mai firgitarwa, da rawar ƙwayar ido, da dalalar miyau. Wanda ya ga ɗansa a haka kada ya ce iskoki ne. Aikin magani ne, yakan kuma wuce. Akwai midazolam, mai kwantar da tsoro, wanda kan sa mutum ya manta abin da aka yi masa.

Haɗarin da ke ciki kuwa a numfashi yake, domin tsakanin gyangyaɗi da barci mai nauyi babu katanga. Saboda haka ake sa ma'aikaci guda ya tsare majiyyaci, a maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai auna iskar da ke cikin jini. In lissafinta ya sauka ƙasa da 90, sai a gaggauta ba shi iska. Maganin kuma da awo ake ba da shi, gwargwadon nauyin jiki. A 2024 likitocin ƙungiyar MSF sun auna yara a Shinkafi da Zurmi, suka tarar kimanin ɗaya cikin 4 na fama da tamowa. Irin wannan yaro ba ya ɗaukar abin da lafiyayye ke ɗauka.

Sa'an nan akwai hakki a kan majiyyaci da danginsa. Na farko, a bar abinci sa'a 6 kafin aiki, nonon uwa sa'a 4, ruwa zalla sa'a 2. Fura da kunu abinci ne. Dalili shi ne mai gyangyaɗi in ya yi amai, aman na iya gangarawa huhu ya halaka shi. Uwar da ta ɗura wa ɗanta kunu a ɓoye don tausayi ta cuce shi. In aikin gaggawa ne, a faɗa wa likita lokacin da aka ci abinci. Na biyu, mai shan tiramadol ko kodin ko wani jiƙo ya faɗi gaskiya, domin haɗuwarsu da allurar na iya tsai da numfashi. Kunyar likita ba ta kai rai ba. Na uku, wanda aka sallama kada ya tuƙa babur ko mota sai bayan yini da kwana.

Har ila yau, a ɗakin masu tsananin ciwo, irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, akan kwantar da wanda na'ura ke yi wa numfashi da irin waɗannan magunguna. A 2000 likitoci a Shikago suka gwada tsai da maganin kullum har majiyyaci ya farka, sai zamansa a kan na'ura ya ragu daga kwana 7 da ɗoriya zuwa kusan 5. Don haka in kun ga ana tayar da ɗan'uwanku kowace rana, kada ku ɗauke shi rashin tausayi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.