Bazara a Lakwal: Abin da Yaro ke Koyo Kafin Ruwa ya Sauka

Daga watan Maris zuwa watan Mayu bazara ce a ƙasar Damagaram. Rana tana ƙuna, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa. Tabkuna sun ƙafe, ruwan rijiya ya yi ƙasa, hatsi ya ragu cikin rumbu. Manomi yana sassabe, yana kai taki gona. Makiyayi yana kwana bakin rijiya.

A wannan lokaci ne yara suke raguwa a lakwal ta ƙauye. An aiki wannan ɗibar ruwa. An tura wancan shayar da awaki. Wata tana talla, wani ya bi yayansa cin rani. Kowane uba yana da hujjarsa, kuma aikin gida gaskiya ne. Amma ya kamata iyaye su san abin da yaro yake rasawa.

Ana buɗe lakwal cikin watan Oktoba, a rufe ta wajen ƙarshen watan Yuni. Ke nan bazara ita ce zangon ƙarshe na shekarar karatu. A cikinta ake maimaita abin da aka koya tun kaka. A ƙarshenta ake duba wanda zai wuce aji na gaba. Ajin firamare 6 ne. Yaron da ya yi fashin wata 2 a bazara yakan maimaita aji. Wanda ya maimaita sau biyu yakan yi fushi ya bari. Aikin shekara 3 ko 4 ya tafi a banza.

Garkar lakwal

Karatun bazara ba duka cikin ɗaki ake yin sa ba. Inda lakwal take kusa da rijiya ko fadama, kamar wajen Mirya, Gidimuni da Matamaye, malamai sukan buɗe ƴar garka. Yara su ja fangali, su zuba taki, su shuka zogale, rama da yakuwa.

Wani uba zai ce: ai noma a gida ake koyon sa. Gaskiya ne. Amma a garkar lakwal ana noma ne da awo da rubutu. Yaro yana auna fangali da igiya: tsawo mita 5, faɗi mita 1. Yana rubuta ranar shuka cikin kaye. Yana ƙidaya kwanakin da iri ya yi kafin ya tsiro. Yana rubuta bokiti nawa aka ba fangali safe da marece. Lissafin da ya gagare shi a kan allo sai ya shiga kansa ta hannu.

Renon itatuwa

Bazara ce lokacin renon ƴan itatuwa. Ana cika leda da rairayi gauraye da ruɓaɓɓen taki. Ana sa iri, a jera ledojin a inuwa, a riƙa ba su ruwa. Bayan wata 3 ko 4 sun isa dashe. Wanda aka shuka cikin Afrilu zai isa dashe cikin Yuli ko Agusta, sa'ad da ƙasa ta sha ruwa. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kan Nijar, ta zama ranar dashen itatuwa.

A nan ma akwai lissafi. Jeri 20, kowane jeri leda 10: leda 200 ke nan. In 30 ba su tsiro ba, saura 170. Yaron aji 3 yana iya wannan.

Akwai kuma sanin dalili. Ƙwayar gawo tana da tauri. Sai an jiƙa ta cikin ruwan zafi, ko an kankare bayanta, take saurin tsirowa. Shi ya sa gawo yake yawan fitowa inda dabbobi suka kwana, don cikin dabba ya riga ya tausasa ƙwayar. Gawo yana zubar da ganye da damana, ya yi kore da rani. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin bisashe. Manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun yi suna wajen barin tsiron gawo cikin gona lokacin sassabe. Masana daga ƙasashen waje sun zo sun ga aikinsu. Yaron da ya rena gawo da hannunsa ba zai sare shi da wasa ba.

Matsala ɗaya ce: ana rufe lakwal kafin lokacin dashe. In ba a shirya ba, itatuwan su bushe ko awaki su cinye. Maganinta shi ne kwamitin iyayen yara ya zauna da darektan lakwal tun watan Mayu. A raba wa yara ledojin su kai gida, ko a sa gidajen da za su riƙa ban ruwa bi da bi.

Wasa ma makaranta ne

Da sanyin safiya, ko bayan la'asar, yara suna wasa a filin lakwal. Maza suna langa da kokawa. Mata suna gaɗa da carafke. Wasu suna dara a gindin bedi. Kada a ɗauka ɓata lokaci ne. Langa tana ƙarfafa ƙafa, tana koya wa jiki tsayuwa daidai. Carafke tana haɗa ido da hannu, kuma hannun nan ne zai riƙe alƙalami. Dara tana koya wa yaro tunani kafin ya taɓa. Kokawa tana koya masa bin doka, da haƙuri in an kada shi. Manyan ƴan kokawar da suke neman takobi tun gasar farko ta Tawa a 1975, a dandalin ƙauye suka fara.

Tatsuniya da kacici-kacici suna buɗe baki. Yaron da ya iya ba da labari daga farko zuwa ƙarshe, ba ya shan wuya ran da aka ce ya rubuta shi. Damagaram tana da tarihi a nan. A birnin Damagaram aka buɗe lakwal ta gwaji ta farko a Nijar, a 1973, inda yara suke fara karatu da Hausa kafin su shiga Faransanci. Daga baya aka buɗe irinta da Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da harshen Buzaye. A 2025 kuma an ɗauki Hausa harshen ƙasa.

Ciki da ruwa

Yaro mai yunwa ba ya jin malami. Kada ya fita gida da safe sai ya sha fura ko kunu. A ba shi gora ko buta cike da ruwa mai tsabta. Bazara lokacin mangwaro ne. Mangwaro nunanne da ganyen zogale suna ɗauke da abin da ke tsare ido daga dundumi. A wanke kafin a ci.

A ƙasar makiyaya, wajen Tanut, Gure da Taskar, akwai lakwal da ake dafa wa yara abinci. Irin wannan tana ba makiyayi dama ya bi dabbobinsa, yaro ya zauna ya ƙare shekara. Inda babu, ana iya barin yaro hannun dangi na kusa da lakwal har watan Yuni.

Abubuwa biyu masu kisa

Na farko sanƙarau. Yana tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, yana lafawa in ruwa ya sauka. Yana yaɗuwa inda mutane suka cunkushe. A watan Afrilu na 2015 sai da aka rufe makarantun Yamai saboda shi. Daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023 ya kama ɗaruruwan mutane a jihar Damagaram, galibi yara da matasa. Alamunsa: zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, wuya ya sanƙare. Wanda ya ga haka ya kai yaro gidan likita nan take. Kada a jira gobe, don yana iya kisa cikin kwana ɗaya ko biyu. In masu allurar rigakafi suka zo, a fito da kowane yaro.

Na biyu gobara. Azuzuwa da yawa na zana da kara ne. Da bazara sun bushe ƙayau, ga iska. A watan Afrilu na 2021 wuta ta cinye azuzuwan zana a Yamai, yara wajen 20 suka rasu. A watan Nuwamba na shekarar, aƙalla 25 suka rasu a Maraɗi. Saboda haka a bar fili tsakanin rumfa da rumfa. Kowace rumfa ta sami ƙofa biyu masu faɗi. Masu tuya su yi nisa da zana. Kada a ƙone sassabe kusa da lakwal. Garin da ke da hali ya buga tubali da rani, a gina aji na ƙasa.

Aikin iyaye

Ba a ce yaro ya daina taimakon gida ba. A tsara ne kawai. Ɗibar ruwa da asuba ko da marece. Kai taki gona ranar da babu lakwal. In ruwan shuka ya sauka, kwana 2 ko 3 sun isa, yaro ya koma aji. A yi wa ɗiya mace yadda aka yi wa ɗa namiji, don ita ce tulu da talla suka fi cirewa daga karatu.

Uba ko uwar da suka shiga yaƙi da jahilci suna da abin da iyayensu ba su samu ba. Suna iya buɗe kayen yaro da dare, su duba kwanan wata, su gane ko ya je lakwal yau. Suna iya sa shi ya karanta musu layi biyu. Suna iya zuwa wurin mushe su tambayi yadda yake. Yaron da ya san ana duba kayensa yana ƙara ƙoƙari.

Da sanyin safiya ake kama fara. Saura ƴan makonni a rufe lakwal. A bar yara su ƙare shekararsu. Allah ya kawo damana mai albarka.