Tsohuwar Motar Ƙasaita A New York: Yadda Ake Zaɓen Taya Mai Rangwame Ba Tare Da An Sayar Da Rai Ba

Duk wanda ya san unguwannin Bronx da Harlem a birnin New York na ƙasar Amurka, inda 'yan Afirka ta Yamma da dama ke zaune, ciki har da Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, ya san cewa mallakar tsohuwar motar ƙasaita ba wani abu ne mai wuya ba. BMW ko Marsandi ko Jaguar mai ƙofa biyu, wadda ta haura shekara goma sha biyar, takan faɗi warwas a kasuwa, har mai ƙaramin ƙarfi ya iya sayenta. Sai dai abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, motar ce ta yi araha, amma tayoyinta suna nan da tsadarsu kamar ranar da ta fito daga kamfani.

Me ya sa sai tayar kowane yanayi?

Akasarin irin waɗannan motoci na gudu da tayar lokacin zafi ake sayar da su, wadda robarta ke kama kwalta sosai idan gari ya ɗumama. To amma da zarar sanyi ya sauko ƙasa da maki 7 a ma'aunin Salshiyos, sai robar ta sandare, mota ta riƙa zamiya ko da titi a bushe yake. Shi kuwa New York gari ne na zafi mai tsanani a watan Yuli da dusar ƙanƙara a Janairu. A watan Janairun 2016 dusar da ta zuba a dandalin Central Park ta haura inci 27. Masu hali sukan ajiye tayoyi kashi biyu, na zafi da na hunturu, amma wanda ke haya a ɗaki ciki da falo a hawa na biyar, ina zai ajiye tayoyi huɗu? Wannan ne ya sa tayar kowane yanayi, wadda kamfanin Goodyear ya fara fitar da irinta a 1977, ta zama mafita ga mazauna birnin.

Sai dai a sani, ita wannan taya tsaka-tsaki ce. Haruffan M+S da ke jikinta na nufin za ta iya da taɓo da 'yar dusar ƙanƙara, ba wai ta kai tayar hunturu ba. Wadda aka jarraba a kan dusa ita ce mai tambarin dutse mai ƙololuwa uku da hoton ƙwayar dusa a ciki.

Karanta jikin taya kafin ka taya

Abu na farko shi ne mai mota ya duba takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, domin a nan kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ta dace. A ce an rubuta 245/40R18 97Y. Lamba 245 faɗin tayar ke nan da milimita, 40 na nufin tsawon gefenta kashi 40 cikin 100 ne na faɗin, 18 kuma girman rim ne da inci. Ita 97 tana nuna kowace taya za ta ɗauki kilo 730, harafin Y kuwa na nufin za ta jure gudun kilomita 300 a sa'a, yayin da W ke tsayawa a 270, V a 240, H kuma a 210.

Wani zai ce, tunda dokar birnin tun 2014 ta ƙayyade gudu a mafi yawan tituna a mil 25 a sa'a, me zai hana ya sayi mai ƙaramin harafi ya huta? Amsar ita ce, wannan harafi yana da alaƙa da ƙarfin ginin tayar da juriyarta ga zafi, kuma a kan irinta aka tsara birki da sitiyarin motar. Haka nan da yawa daga cikin motocin nan tayoyinsu na baya sun fi na gaba faɗi, don haka ba a iya musanya su, abin da ke sa na baya saurin suɗewa.

Ina rangwamen yake?

Rangwame na gaskiya yana wajen zaɓen kamfani. A sahun gaba akwai irin su Michelin Pilot Sport All Season 4 da Continental ExtremeContact DWS06 Plus, wadda aka zana haruffan D da W da S a kan haƙoranta. Idan S ta goge, ƙarfinta a dusa ya ƙare, idan W ta bi baya, to a yi hattara da ruwan sama. Ƙasa da su a farashi akwai General, wanda mallakin Continental ne tun 1987, da Kumho da Hankook na Koriya ta Kudu, da Falken da Yokohama na Japan. Ga mai zirga-zirga tsakanin gida da wurin aiki, waɗannan sun wadatar, muddin lambobin sun yi daidai da na jikin ƙofa.

Masu BMW da ta zo da tayar nan mai iya tafiya ko ta sace sukan rage kashe kuɗi ta hanyar komawa taya ta yau da kullum, amma sai su tuna cewa irin motar ba ta zuwa da sifiya. Sannan a tambayi jimillar kuɗi tun farko, har da na ɗaurawa da balansin da alaimen, domin ramukan titin Cross Bronx ba sa raga wa taya mai siririn gefe, kuma ƙafar da ta karkace takan cinye sabuwar taya cikin 'yan watanni.

Tarkon tayar gwanjo

A titin Jerome da ke Bronx, inda garejoji da masu faci suka yi jerin gwano, ana samun tayoyin hannu, irin waɗanda a gida muke kira Beljiyam. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado. Taya kan tsufa ko ba a hau ta ba, kuma shekarunta na rubuce a jikinta: lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, misali 2319, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa binciken taya duk shekara idan ta kai shekara biyar, a cire ta idan ta kai goma komai kyan haƙoranta.

Wannan ba zancen wasa ba ne, musamman ga motar ƙasaita da ba a cika fita da ita ba. Idan mai karatu bai manta ba, a watan Nuwambar 2013 jarumin fina-finan Amurka Paul Walker ya rasu a cikin Porsche Carrera GT a jihar Kalifoniya. Masu bincike sun ɗora laifin a kan gudu, amma sun gano cewa tayoyin motar sun kai shekara tara. A Nijeriya ma, fashewar taya aka danganta da haɗarin da ya yi ajalin ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi a hanyar Kaduna zuwa Abuja a watan Maris na 2016.

A jihar New York, mota ba ta cin jarrabawar lafiyarta ta shekara-shekara idan zurfin haƙoran taya bai kai kashi 2 cikin 32 na inci ba, wato kimanin milimita 1.6. Gwajin mai sauƙi ne: a cusa kwabon Amurka a tsagin tayar, kan Shugaba Lincoln yana kallon ƙasa, idan aka ga kan gaba ɗaya, taya ta gama aiki. Wanda kuma aljihunsa bai kai ga huɗu ba, ya sayi biyu iri ɗaya a ɗaura su a baya, domin su ne ke hana mota juyawa a kan jiƙaƙƙen titi.

Daga ƙarshe, mai niyya ya yi wannan hidima tun watan Oktoba, kafin dusar farko ta cika shaguna da layi. Ba a fafe gora ranar tafiya.