BAYANI: Teburin da aka shimfiɗa wa mata 39, da gardamar da ya bari kan alloli mata a fasahar zamani

A gidan adana kayan fasaha na Brooklyn da ke birnin New York na Amurka akwai wani ɗaki mai ƙarancin haske da aka keɓe wa tebur guda. Teburin mai kusurwa uku ne, kowane gefe tsawonsa ƙafa 48, kuma an shirya shi tamkar za a yi walima: faranti, kofi, cokali da kyallen da aka yi wa surfani, a mazauni 39. Sunan aikin The Dinner Party, wato liyafar cin abincin dare. Judy Chicago ce ta jagoranci haɗa shi daga 1974 zuwa 1979, tare da masu aikin sa kai sama da 400, akasarinsu mata.

Baƙin da aka tanadar wa mazaunan duk mata ne. Sai dai kafin a iso ga sarauniya ko marubuciya, kujerun farko na alloli mata ne da al'ummomin dā suka bauta wa, cikinsu har da Ishtar ta ƙasar Mesofotamiya, Kali ta Indiya, da allahiyar macizai ta tsibirin Kirit. Wannan zaɓi shi ne mabuɗin fahimtar wani yunƙuri da ya mamaye fasahar mata a Amurka da Turai a shekarun 1970.

Me ya kai masu fafutuka ga alloli mata?

Matan da suka shiga fafutukar 'yancin mata a wancan zamani sun lura cewa littattafan tarihi da gidajen adana zane-zane cike suke da sunayen maza. Idan mace ta bayyana, sau da yawa a matsayin wadda aka zana ce, mai zanen kuwa namiji. Wasu daga cikinsu suka fara neman wani zamani da mace ke tsakiyar al'amura.

Littattafai biyu suka ba su madogara. A 1974 Marija Gimbutas, masaniyar binciken kayan tarihi 'yar asalin Lithuania, ta wallafa nazari kan ƙananan mutum-mutumin da aka tono a kudu maso gabashin Turai, inda ta ɗauki da yawansu a matsayin siffofin allahiya. A 1976 Merlin Stone, wadda ita kanta mai sassaƙa ce, ta fitar da When God Was a Woman. Zuwa 1978 mujallar mata masu fasaha mai suna Heresies ta keɓe fitowa guda kacokan ga batun.

Ga wasu matan lamarin ya zama aƙida da ibada. Ga wasu kuma hujja ce ta siyasa: idan an taɓa yin zamanin da aka girmama mace haka, to danniyar da take fuskanta a yau tsari ne da mutane suka gina, kuma abin da hannu ya gina hannu na iya rushe shi.

Kayan aikin ma saƙo ne

Masu wannan salo sun guji tsayawa kan fenti da kyallen zane kaɗai. Sun haɗa yumɓu, zare, hoto, ƙasa, har da jikinsu. Dalili kuwa shi ne, manyan masu sharhin fasaha sun daɗe suna kallon saƙa, surfani da zanen tangaran a matsayin aikin hannu na matan gida, wanda bai cancanci shiga gidan adana fasaha ba. Chicago ta ɗauko waɗannan sana'o'i da gangan. An ɗinka kyallen kowace baƙuwa da salon ɗinkin zamaninta, kuma a na allahiyar haihuwa an maƙala allurai na ƙashi da ƙananan siffofi na yumɓu. A ƙasan teburin, kan fararen tayil, an rubuta wasu sunaye 999 da ruwan zinari.

Mary Beth Edelson ta bi wata hanyar: tana ɗaukar hoton kanta, sannan ta yi zane a kansa har ya koma siffar Kali ko wata allahiya. A 1977 ta je wani kogo a tsibirin Hvar, a Yugoslabiya ta lokacin, ta yi wasan al'ada da hasken kyandir. Ita kuwa Ana Mendieta, wadda aka fitar daga Kuba zuwa Amurka tana da shekara 12, ta shafe 1973 zuwa 1980 tana barin inuwar jikin mace a laka, ciyawa, furanni da wuta a jihar Iowa da ƙasar Meziko. A 1981 ta koma Kuba ta sassaƙa siffofi a duwatsun Jaruco, ta raɗa musu sunayen alloli matan ƙabilar Taino, mutanen da mulkin mallakar Sifaniya ya kusa shafewa.

Suka daga dama da hagu

Da aka buɗe The Dinner Party a San Francisco a watan Maris 1979, jama'a sun yi tururuwa, amma manyan masu sharhi sun yi masa ca. Mafi yawan farantan suna ɗauke da siffar da ta haɗa malam-buɗe-littafi da al'aurar mace, abin da ya fusata masu ra'ayin riƙau. A 1990, lokacin da Chicago ta yi niyyar bai wa wata jami'ar gwamnati a birnin Washington kyautar aikin, 'yan Majalisar Wakilai sun kira shi batsa, suka kaɗa ƙuri'ar zabge dala miliyan 1.6 daga kasafin jami'ar. Daga bisani ta janye kyautar. Sai a 2007 aikin ya samu mazauni na dindindin a Brooklyn.

Suka mafi nauyi kuwa daga cikin gida ta fito. Wasu masu fafutuka sun ce ɗaure mace ga haihuwa, ƙasa da sassan jiki, komawa ne ga akwatin da ake neman fita daga ciki. Marubuciya Alice Walker ta nuna cewa Sojourner Truth, baƙar fatar Amurka ɗaya tilo a teburin, an yi mata faranti mai fuskoki, saɓanin na sauran, tamkar an kasa ganin ta a matsayin cikakkiyar mace irinsu. Wasu kuma sun tambayi hurumin da Ba'amurkiya ke da shi na aron Kali, wadda miliyoyin mabiya addinin Hindu ke bauta wa har yau, ta mayar da ita tambarin gwagwarmayarta.

Shin tarihin ya tabbata?

Nan ne ginshiƙin ya fi girgiza. Tsohon garin Çatalhöyük na Turkiyya, inda aka tono siffar wata mace zaune a 1961, ya zama wurin ziyarar mabiya wannan ra'ayi. Amma tawagar Ian Hodder, da ta fara sabon tono a can a 1993, ta gano cewa siffofin dabbobi sun fi na mata yawa, kuma abinci da yanayin binne gawa ba su nuna fifikon wani jinsi ba. A 2000 Cynthia Eller ta wallafa littafi tana cewa labarin mulkin mata na farkon duniya tatsuniya ce da ba za ta amfani gwagwarmayar mata ba. Bautar allahiya ma ba ta tabbatar da darajar mata: Atina ta dā tana girmama allahiya Athena, amma matanta ba su da ƙuri'a.

Duk da haka, yunƙurin ya bar abin a zo a gani. Saƙa da surfani yanzu suna rataye a manyan gidajen fasaha na duniya, kuma binciken da ya tattaro sunaye 1,038 ya fito da mata da dama da tarihi ya binne. Tambayar da Walker ta jefa wa Chicago, wato wa aka ba kujera, wa aka bari a waje, kuma wa ya rubuta takardar gayyatar, ita ce dai wadda Chicago ta fara jefa wa marubuta tarihi maza.