Shin Ko Kun San? Kalmomin Waiwaye Daga Garu Zuwa Birnin Kudu

Shin ko kun san cewa Bahaushe da wuyansa yake tunanin abin da ya wuce? Ku duba kalmar waiwaye! Asalinta juya wuya ne kawai a ga abin da ke baya. Yau kuwa ko ɗan jarida zai yi bitar shekara, waiwaye yake yi. Adon tafiya, in ji masu magana.

Nadama fa, ina mazauninta? A ƙeya! Da na sani ƙeya ce, a baya take. Ku shafa taku ku ji. Tana jikinku, amma ba ku taɓa ganinta ba sai da madubi biyu a shagon aski.

Ga wani abin mamaki. Shekaranjiya kwana biyu ne kacal, amma akwai shekara sukutum a cikin kalmar! Ku furta ta a hankali ku ji.

Tarihi kuwa baƙo ne. Daga Larabci ya zo, kuma can asalinsa sanya wa abu kwanan wata ne. Nazari ma ɗan garinsu ne, tushensa dubawa da ido. Nadama ita ma tare suka zo. Amma tishi na tsangaya ne: almajiri ya koma kan karatun da ya wuce don kada ya zube. 'Yan Islamiyya kuma su ce muraja'a. Aiki ɗaya, suna biyu!

To, yanzu mu shiga Dutse, inda kalmar sake lale ta sami gida. Wajen 'yan karta aka aro ta, a tattara a sake rabawa. Kun san sau nawa aka yi wa sarautar Dutse haka? A 1981 Gwamnan Kano Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta, tare da irin su Gaya da Rano. Lale na ɗaya! A 1983 Sabo Bakin Zuwo ya hau kujerar gwamna, ya soke, aka koma ƙarƙashin Kano. Lale na biyu! Sai ga 27 ga Agusta, 1991, Janar Ibrahim Babangida ya ciro Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birnin jihar da a yau ke da ƙananan hukumomi 27, fadar sarkin Dutse da ke Garu ta dawo da martabarta. Lale uku cikin shekara goma! Masu igiya na da sunan wannan: tufka da warwara. Kuma ku lura, ranar 27, ƙananan hukumomi 27. Mai son haddace tarihi ya huta.

Amma in kun tambaye ni, sarauniyar kalmomin nan ita ce ashe. Harafi uku tak, tunda sh baƙi ɗaya ne a Hausa. Da ita mutum ke rushe abin da ya yi shekara ashirin yana ɗauka gaskiya. Ashe haka ne!

Kuna son ganin ashe a jikin dutse? Ku gangara Birnin Kudu, kudu da Dutse. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa akwai zanen shanu da mutanen dauri suka yi. A shekarun 1950 Bature Bernard Fagg ya yi bincike a wurin, har da duwatsun da in an buga suke amo kamar ƙararrawa. Ku ƙura wa shanun ido. Ƙaho zaƙo-zaƙo, amma da yawansu ba tozo! Ku tambayi duk Bafulatanin da ke kiwo a yankin yau ya nuna muku saniya marar tozo a garkensa. Ashe shanun ƙasar nan ma an sake musu lale!