Kafin ka ƙara wa Hilux ɗinka ƙarfi, ka san abin da zai biyo baya

Idan kana leƙa TikTok, da wuya ba ka ci karo da bidiyon nan ba: a-kori-kura mai amfani da dizal ta taka wuta, baƙin hayaƙi ya turnuƙe titi, matasa na ta ihu. Sai ka waiwayi taka Hilux ɗin, wadda kullum take jigilar buhuna daga Dawanau ko kai kaya ƙauye, ka ji kamar an bar ka a baya. Nan da nan wani zai ce maka, "Ai abu ne mai sauƙi, a taɓa mata kwamfuta kawai."

Gaskiya ne, abin yana aiki. Injin dizal na zamani yana da na'urar da ke ƙayyade yawan man da nozil zai fesa da iskar da turbo zai tura. Idan aka sauya lissafin da ke cikinta, motar za ta ƙara ja, za ka ji bambanci tun daga giyar farko. To amma ƙarin mai ƙarin zafi ne, kuma fistin da gaskit da turbo ne za su sha shi. Kuloci da giyabos kuma su ɗauki nauyin da ba don shi aka ƙera su ba.

Dubi yadda Toyota da kansa ya yi. Injin dizal mai lita 2.8 ya fito a 2015 da ƙarfin doki 177. Da kamfanin ya ɗaga shi zuwa 204 a 2020, bai tsaya a kwamfuta ba, sai da ya sa turbo mafi girma, ya kuma inganta hanyar sanyaya injin. Duk da haka, ƙarfin juyi 500 mai giyar otomatik kaɗai aka bai wa, mai giyar hannu aka bar ta a 420. Idan mai abu ya yi wannan taka-tsantsan, kai da za a yi maka aikin cikin awa ɗaya fa?

Sannan ka tuna inda kake. Rarar da kamfani ya bari a injin ita ke ceton ka a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da ranar da ka sha man da aka gauraya. Wancan baƙin hayaƙin kuwa ba alamar ƙarfi ba ne, mai ne da bai ƙone ba, kuɗinka ne ke fita ta salansa. Manyan tayoyi ma haka: suna da kyau a ido, amma suna ƙara shan mai, su wahalar da birki, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gudun da kake yi.

Sau da yawa ma motar ba ƙari take nema ba, nata ƙarfin ne ya zube. Canza filtar iska da ta mai, tsiyaye ruwan da ya taru a filtar, a gwada nozil, a wanke lagireto, a zuba baƙin mai mai kyau a kan lokaci. Za ka yi mamakin yadda za ta farfaɗo.

In kuma ka dage sai an taɓa, a yi kaɗan, wurin wanda ya san aikin, kuma ya ajiye maka lissafin asali ko za ka so komawa. In motar sabuwa ce, ka sani garantinka na iya tafiya.

Mai motoci uku zai iya wasa da ɗaya. Kai da ita ce cefanen gida da kuɗin makarantar ƙanne, kwana goma a gareji da yawon neman kaya a Ƙofar Ruwa ba ƙaramin rashi ba ne. Kada garin neman ƙiba a samo rama.