Taurarin da Ke Yi Wa Juna Husufi Sau Takwas a Rana

Yawancinmu mun san husufi, ko zazzaɓin rana, lokacin da Wata ke shiga tsakaninmu da Rana har gari ya yi duhu. Mu kan jira shekaru kafin mu ga ɗaya. Amma a rukunin taurarin Virgo akwai wasu taurari biyu, masana na kiransu HW Virginis, da ke kewaya juna cikin awa 2 da minti 48 kacal. Wato a kwana ɗaya suna shiga gaban juna fiye da sau takwas.

A nan Afirka aka gano haka. A 1986 masana biyu, Menzies da Marang, a cibiyar nazarin taurari ta Afirka ta Kudu, suka lura hasken wannan tauraro na dusashewa yana dawowa a kan ƙa'ida.

Ɗayan taurarin ƙarami ne, faɗinsa kusan kashi ɗaya bisa biyar na Ranarmu, nauyinsa kuma kusan rabinta. Sai dai zafinsa ya kusa digiri 28,000, alhali na saman Rana bai wuce kimanin 5,500 ba. Abokinsa jan tauraro ne mai rauni, zafinsa kimanin 3,000.

Ko da madubin hangen nesa, ɗigo ɗaya muke gani. To yaya muka san su biyu ne? Haske ne ke ba da labari. Idan mai sanyin ya tare mai zafin, hasken yakan faɗi sosai. Idan ya koma bayansa, faɗuwar ba ta da yawa. Haka kuma gefen mai sanyin da ke fuskantar ɗan'uwansa yana gasuwa har ya yi haske, kamar fuskar mai jin ɗumi a bakin wuta. Daga tsawon lokacin husufin da zurfin duhunsa ake lissafa girman kowannensu.

Yaya aka yi suka matsu haka? Masana sun ce mai zafin ya taɓa kumbura ya zama ƙaton jan tauraro, har ya haɗiye abokinsa. Ƙaramin ya yi ta juyi a cikin iskar babban yana matsowa ciki, har ya watsar da iskar nan zuwa sarari. Abin da ya rage shi ne tsakiyar tauraron, tana ƙona iskar hiliyom. Ƙaramin kuwa ya fito da ransa.

Wannan ya shafe mu, domin Ranarmu ma za ta kumbura nan da shekara biliyan biyar, kuma irin waɗannan taurari na nuna mana abin da ke samun duk wani abu da ke kusa.

Mu ɗalibai, kada mu raina zanen jadawali da malamin lissafi ke sa mu yi. Da irinsa, haske a gefe ɗaya, lokaci a ɗayan, aka auna taurarin da ido bai taɓa rarrabe su ba.