Abin da Likita Ya Rubuta a Katinka

Maganarmu ta yau a kan katin asibiti ce.

In ka je ɗakin shan magani na ƙauyenku, ko aka tura ka Kakuri, asibitin Gwamna Awan ko na St. Gerard, za ka ga likita yana tambayarka yana rubutu. Mutane da yawa suna tsammani rubutun nan asirin likita ne. Ba haka ba ne. Labarin jikinka ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a sanar da majiyyaci halin da yake ciki, a kuma rufe asirinsa ga waɗanda abin bai shafa ba. A 2018 Gwamnatin Tarayya ta fito da takardar haƙƙin majiyyaci, a ciki har da ganin abin da aka rubuta a kansa.

Waɗansu ma'aikata suna tsoron kada wannan ya kawo gardama. To, an gwada an gani. A ƙarshen shekarun 1950, a Imesi-Ile cikin ƙasar Yarabawa, Dokta David Morley ya soma ba uwaye katin awon 'ya'yansu su ajiye a gida. Uwa tana ganin nauyin ɗanta yana hawa ko yana sauka, sai ta zama abokiyar aikin nas. Ƙasashe da yawa suka kwaikwayi katin nan. A Amurka kuma, a 2010, likitoci 105 suka buɗe wa majiyyata wajen 20,000 rubutunsu. Bayan shekara guda kusan dukan majiyyatan da aka tambaya suka ce a ci gaba, kuma ba likitan da ya janye.

Dalili kuwa a fili yake. Wanda ya san ciwonsa ba ya barin magani don ya ji sauƙi kwana biyu. In an rubuta shekarunsa ba daidai ba, ko an manta wata allura ta taɓa sa masa borin jini, shi zai tuna wa likita.

Amma ka lura. Likita yakan taƙaita kalmomi. In ya rubuta b.d., sau biyu ke nan a rana, t.d.s., sau uku. Nocte, da dare. Abin da ba ka gane ba, kada ka cika shi da zato, kada kuma ka kai wa mai tallar magani a tasha ya fassara maka. Ka ce, "Malam, don Allah karanta mini da Hausa." In ka ga kuskure, ka nuna da ladabi. Kada ka kankare, kada ka ƙara kome da hannunka.

Ke kuma uwa, ki adana katin awon ciki da na rigakafin yaro inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ki zo da su kowane zuwa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.